Gida Mai Shan Iska

A Guangzhou akwai wasu kwanaki, tsakanin fitar sanyi da shigowar zafi, da bango yake gumi. Ba ƙari nake yi ba. Ka tashi da safe ka tarar da tayil ya jiƙe kamar an wanke ɗaki an manta ba a goge ba, madubi ya rufe, ruwa yana ɗiga daga silin ɗin matattakala. Rigar da ka shanya ranar Litinin tana nan da laimarta har Alhamis, sai dai ta ƙara wari. A waje kuwa wani farin hazo ne mai danshi yake sauka ya haɗiye dogayen benaye tun daga hawa na goma, ka ga fitilu a sama suna reto babu ginin da ya riƙe su. 'Yan gari suna kiran kwanakin hui nan tiyan, wai iskar kudu ce ta dawo daga teku. Dokarsu ɗaya ce, kowa ya san ta: a rufe taga ruf, kada a bar iskar ta shigo.

Alhaji Mas'udu kuwa da ya idar da sallar asuba sai ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ya wangale su.

Shekara goma sha ɗaya muna haya tare a unguwar Dengfeng, hawa na shida, ɗaki biyu da falo. Ni Shehu, mutumin Fagge ne, ina sayen fanka da firiji ina turawa Kano. Shi mutumin Maraɗi ne, sana'arsa filas ɗin shayi da kulolin abinci. Ya girme ni da shekara bakwai, ya fi ni haƙuri a komai, amma in aka zo maganar taga ko jaki ya san ya ba shi hanya. Mai gidanmu, Madam Liyang, tana ƙasa da mu. Duk shekara sai ta hawo da silifas ɗinta, ta nuna tagogin, ta nuna ruwan da yake bin bangonta, ta yi ta faɗa da harshenta. Alhaji ya dafa ƙirji ya ce mata she-she, wato ya gode, ya rufe taga ɗaya a gabanta. Kafin ta kai ƙasan bene ya sake buɗewa.

"Ɗakin da ba shi shan iska kabari ne," in ji shi. Maganar mahaifinsa ce, wanda magini ne a unguwar Bagalam ta Maraɗi. Na ji ta ya fi sau dubu, kuma kusan kullum daga ita sai labarin gidansa na Faransa.

Gidan yana wani gari da ake kira Roubaix, can arewacin ƙasar, shi yana cewa Rube. A masaƙa ya yi aiki a can tun yana saurayi, ya tara ya sayi gidan, ya ɗauko iyalinsa daga Maraɗi ya zuba a ciki, sannan kasuwa ta jawo shi nan. Tsarinsa bai taɓa canjawa ba. Watan Oktoba yana Guangzhou don baje koli, ya zauna yana lodi har bayan baje kolin Afrilu, ya leƙa Maraɗi ya ga saukar kaya, sai watan Yuni ya isa wurin iyali ya zauna har ƙarshen Satumba.

Ban taɓa taka Faransa ba, amma na san gidan nan fiye da gidan kawuna na Gwammaja. Na san jan bulo ne, siriri, an matse shi tsakanin 'yan'uwansa. Na san ƙofar shuɗiya ce, matattakala goma sha uku, ta tara tana ƙara. A bayan gida akwai ɗan fili inda Hajiya Fasuma, matarsa, take shuka na'a-na'a a tsofaffin bokitai. Ranar da ya je ganin gidan, a watan Yuli, dillali ya buɗe ƙofar gaba, sai iska ta taso daga baya ta ratsa falo ta ɗaga masa gefen riga. Ya ce bai ko hau bene ba ya ce ya saya. Da suka tare bai tsaya nan ba, ya kira wani magini ya fasa masa kafofin iska a saman kowace ƙofa, da wata babba a bangon matattakala, irin yadda mahaifinsa yake yi. Ya ce da yamma rana ba ta faɗuwa sai ƙarfe goma, labule yana tashi yana kwanciya shi kaɗai, ƙamshin na'a-na'a yana hawa bene ya same ka a kan gado.

Sau da yawa in zafin Guangzhou ya dafa mu, nakan lumshe ido in shiga gidan nan in zauna. Ina son gidan, gaskiya, duk da ba nawa ba ne. Har na taɓa mafarkin ina hawa benen, na tsallake matattakala ta tara don kada in tashi masu barci.

To, bana aka zo sayar da shi. Yara sun girma sun watse, gwiwoyin Hajiya sun gaji, ta ce ita gida take so, Maraɗi, kusa da 'yan'uwanta. Alhaji bai ja ba, ya ce a nemi mai saye. Sai dai a ƙasar doka ce, ba ka sayar da gida sai wani mai lasisi ya zo ya auna yadda gidan yake riƙe ɗumi da irin wutar da yake ci, ya ba shi harafi daga A zuwa G. Dole a buga harafin a jikin tallan gidan kowa ya gani, kuma takardar tana bin yarjejeniyar ciniki har wurin sa hannu.

Muna cin tuwo a wani ɗan gidan abinci na bayan layinmu takardar ta shigo wayarsa. Ya gyara tabarau ya duba, ya yi murmushi.

"G," ya ce. "Ka gani? Grand ke nan. Babba."

Ya miƙo mini. Ni ba na jin Faransanci, amma wannan hoton ko a barci na san shi: layuka bakwai kamar tsani, na sama kore gajere, suna ƙara tsawo suna ja har na ƙasa ja wur. Irinsa ne ake mannawa a ƙofar firijin da nake saye, sai dai nasu lamba ce. Kibiya ta tsaya a kan na ƙasa. Da ina da hankali da na ce masa madalla na ci gaba da tuwona. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Alhaji, ai wannan shi ne kurar baya. Firiji mai wannan ajin ko kyauta lawban, mai masana'anta, ya ba ni ba na lodawa."

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A rana ta uku ya karanta takardar da kansa, shafi-shafi, yana bin layi da yatsa. Daga nan ya kira 'yarsa ya ji wata kalma da mutanen can suke kiran irin gidan da ita, passoire. Na tambaye shi mece ce, ya daɗe kafin ya ce rariya.

An ma sami masu saye, wasu sababbin ma'aurata. Sun ga harafin, sun ce sun ji sun gani, za su gyara da kansu. Abin da ya rage kawai hannun Alhaji a takardar wakilci, don a sayar a madadinsa. Ya ce ba zai sa ba. Ba farashin ne ya dame shi ba, ko tambaya bai yi ba. Ya ce sa hannu a ƙarƙashin wannan harafi shaida ce da bakinsa cewa shekara ashirin da biyu a rariya ya ajiye iyalinsa. Ya ce mutumin bai san aiki ba, wa yake auna gida a watan Fabrairu? Ya dawo a Yuli ya zauna a falo a ba shi shayi, sannan ya rubuta abin da ya ji a jikinsa.

Masu saye suka ce za su jira zuwa ƙarshen wata, daga nan su nemi wani. In suka tafi kuwa, Hajiya ba mai barin gida babu kowa ba ce, kuma ba mai tsallake maganar miji ba ce. Za ta zauna, wani sanyin ya sake samun ta a ciki. Shi ya sa autarsu Saffana ta ɗauki hutun kwana huɗu daga asibitin da take aikin jinya ta hawo jirgi. Ta riga ta kama musu lokaci a ofishin jakadancin Faransa, ranar Alhamis da safe, inda zai sa hannu a gaban jami'i.

Ranar Talata ta iso. Doguwa ce, kamarsu ɗaya da uban har tsinin haɓa, kuma da na ga yadda take riƙe jakar takardun na san taurin kan ma ba a bar ta a baya ba. Tana shigowa santsin tayil ya kusa kwashe ta. Ta dafe bango, ta dubi tafin hannunta ya jiƙe, ta dubi tagogi a wangale da hazo yana shigowa a hankali kamar baƙon da ya saba da gida.

"Har nan ma, Baba?" ta ce. Ta yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba ce.

Ni kuma ta gaishe ni da Tonton Shehu. Na ce mata a Kano kawu ake cewa, tonton sai ka ce ganga. Ta ce to Kawu Tonton, aka wuce wurin.

Bayan ta ci abinci ta huta, suka zauna a falo. Teburinmu cike yake da samfurin filas da wata masana'anta ta aiko. Alhaji yana da yadda yake gwada su. Yakan cire murfi ya kara bakin filas ɗin a kunne ya lumshe ido. In ya ji wani siririn amo yana zagayawa a ciki, mai kyau ne. In ya ji shiru, ya ture shi gefe, kuma ko lawban zai yi kuka ba ya ɗauka. Yana cikin wannan, don kada ya dubi jakar takardun, Saffana ta ɗauki ɗaya daga waɗanda ya ture.

"Baba, wannan me ya yi?"

"Shina yoyon zahi. Ki zuba ruwa da sahe, kahin azahar ya huce."

"Sai ka yi yaya da shi?"

"In maida ma mai shi kayanshi."

"Ko da fentinsa yana da kyau?"

Ya sauke filas ɗin da ke kunnensa ya dube ta ta saman tabarau.

"Na gane inda kika dosa, Auta. Gida ba hilas ba ne. Mutum kuma ba shayi ba ne da za a toshe shi a aje."

"Baba, dokar ba ta ce gidan ba shi da kyau ba. Ta ce wanda zai saya ya san abin da zai shiga. C'est tout, shi ke nan."

"To ya zo ya tambaye ni. Ni na zauna cikinshi."

Na ga maganar ta zo mata har maƙogwaro ta haɗiye ta. Ta tashi ta ce za ta kwanta, gajiyar jirgi. Ni kuwa haushi ya cika ni, na rasa na wa zan ji, don a raina ina bayan yarinyar, amma ni ma ba na son a ce wa gidan nan rariya.

Washegari Laraba, bayan azahar, na ga ɗakin ya yi musu kaɗan. Ya shiga nan ta fita can, kowa yana gyara abin da bai lalace ba. Na ce su taso mu je mu sha iska, tunda dai iska ce ta haɗa faɗan. Muka ɗauki tasi zuwa titin Liuhua Lu, muka shiga wani lambu mai tafki.

Ban taɓa ganin wurin haka ba. Hazon ya kwanta a kan ruwa har ba ka gane inda tafki ya ƙare sama ta fara. Itatuwan wurin irin cediya ne, jijiyoyinsu sun sauko daga rassa suna lilo, kowace da ɗigon ruwa a bakinta. Wasu tsofaffi suna motsa jiki a hankali a ƙarƙashinsu, hannu ya tashi ya daɗe kafin ya sauka, sai ka ga mutum ya ɗan ɓace ya sake fitowa. Wani yana goga gogensu na nan a wani wuri da ba ma gani, sautin yana zuwa ta dama, can kuma ya zo ta hagu. Wani ɗan kwalekwale ya wuce babu ƙara, ban ga mai tuƙi ba. Muka sami benci, na shimfiɗa mana ledoji saboda laima, muka zauna, Alhaji a tsakiya.

Wurin ya sassauta shi. Yana kallon farin da ke gabanmu ya fara, da muryar nan tasa ta labarin gida, a hankali kamar mai karanta wasiƙa. Ya buɗe shuɗiyar ƙofa. Ya bi iska ta falo. Ya ce Hajiya tana bayan gida tana tsinkar na'a-na'a, yara suna zaune a matattakala suna cin kankana, rana ta ƙi faɗuwa. Wallahi sai da na ga labulen yana tashi a cikin hazon, fari a kan fari. Na ji daɗi ya rufe ni kamar kullum.

Saffana ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Wannan gidanka ne, Baba. Yana da kyau, ni ma ina son shi. Bari in ba ka labarin namu."

Ta ci gaba.

"Ranar da ka tafi, in muka dawo daga raka ka tasha, Inna takan fito da wani buhu daga ƙarƙashin gado. Tsofaffin zannuwanta ne a ciki. Ni nake hawa kujera, don ni ce mai ƙaramin hannu, in cusa su cikin kafofin nan naka ɗaya bayan ɗaya. Ta matattakala zane uku take ci. In Nuwamba ta shiga mukan sauko da katifu kicin, mu jera su kusa da murhu, mu rufe sama gaba ɗaya. Ba a sake hawa sai ɗauko kaya, kuma da gudu. Ko an kunna chauffage, abin ɗumama ɗakin, bango ne yake shanyewa, taga ta fitar da sauran. Na yi karatun jarrabawata da safar hannu. Akwai safiyar da na tashi na ga ƙanƙara a jikin gilashi, ta ciki, na rubuta sunana da farce."

Mai gogen ya tsaya, ya sake farawa daga wani gefen.

"In ka bugo ka ce ka sauka Maraɗi, sai mu san saura mako uku. Mu mayar da katifu sama. In hau kujera in zare zannuwan, Inna ta wanke ta ninke ta mayar buhu. Ta goge baƙin da danshi ya yi a bango, ta sa labule masu haske. Ranar da za ka iso tun safe take buɗe ƙofar baya, don iska ta tarye ka."

Ni dai na ji kamar an ɗora wani gida a kan wanda na sani, ƙofa a kan ƙofa, bene a kan bene, amma wannan duhu ne a cikinsa. Kunya ta kama ni, don shekara goma sha ɗaya ina shiga gidan mutane ina shan iska, ban taɓa tambayar yadda yake in na fita ba.

"Lokacin da aka zo za a canja tagogin layinmu," ta ce, "Inna ta gaya maka a waya. Ka ce kada a toshe ma gidanka hanci. Ba ta sake tayar da maganar ba."

Alhaji ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Ƙuruciya ce, Auta. Yaro komi ƙanƙanen sanyi babba ne gare shi. Da haka ne da uwarki ta hwaɗa mini."

"Ba za ta faɗa ba."

"Kullum sai na kira ta. Kullum, bayan la'asar ɗin nan. Ina ganin ta da idona, cikin falo, da 'yar rigarta ta atamfa, tana dariya. Wanda ke jin sanyi haka yake zama?" Ya juyo wurina kamar ni ne alƙali. "Shehu, kai ma kana gaisawa da ita. Ka taɓa ganin alama?"

Na ce ban taɓa ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya sami ƙarfi, ya buga sandar lemarsa a ƙasa.

"To! Wani ya zo da na'ura ya yi awa guda ya ce rariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo."

"Haka ne," in ji Saffana. "Sai a tambayi mai ɗakin."

Ta ciro wayarta. Ƙarfe uku ya ɗan wuce a wurinmu, can kuwa takwas na safe, saura fiye da awa guda lokacin da Alhaji ya saba kira. Ta danna wa Hajiya kiran bidiyo da lambar kanta, tana jin ya fara shiga ta sa masa wayar a hannu ta tashi ta koma bayan benci. Ni kuwa na leƙa wayar daga gefensa.

Hoton ya buɗe. Kicin ne, fitila a kunne ko da gari ya waye. Can baya ga katifa a ƙasa, an tura ta jikin murhu, barguna a kai ba a ninke ba. Hajiya Fasuma tana zaune a kan kujera, ta ɗora hular ulu a kan ɗankwalinta, ta naɗe wuya da mayafi. Rigar da ke jikinta wata ƙatuwar rigar sanyi ce ta maza, ruwan toka, hannun ya yi mata tsawo ta naɗe shi. Daga baya na ji ta Alhaji ce, ta zamanin masaƙa. Ba ta dubi wayar sosai ba, tana juya cokali a kofi, kuma da ta yi magana sai da na ga tururin bakinta.

"Auta, kin same shi? Kada ki matsa mishi, kin ji? In bai so a bari, ai mun saba. Ya ci abinci dai?"

Sai ta ɗago.

Wayar ta karkata, muka ga silin, muka ji ƙarar zif da kofi ya bugi tebur. Da hoton ya dawo ta riga ta fizge hular, ɗankwalin ya zame, tana kokawa da rigar, hannu ɗaya ya fita ɗayan ya maƙale a naɗin. A ƙarƙashi ga 'yar rigar atamfar nan da muka sani. Tana yi tana dariya.

"Alhaji, kai ne? Ka yi sammakon kira yau. Yanzu na shigo daga waje, shara na kai. Bari in koma falo, nan babu haske."

Alhaji ya sa ɗaya hannun ya tallafe wayar.

"Lahiya lau muke," ta ce. "Gida shina nan da daɗinshi."

"Fasuma."

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya kama sunanta ba, kullum Hajiya ce. Ita ma da alama ta daɗe ba ta ji ba, don tsayawa ta yi cak, rabin rigar yana rataye a kafaɗarta.

"Maida rigarki."

"Ai ba wani sanyi..."

"Don Allah maida. Da hular."

Ta daɗe tana kallon sa. Dariyar ta sauka daga fuskarta a hankali, abin da ya rage gajiya ce kawai, ta tsohuwar da ta kwana a ƙasa. Ta laluba bayanta ta nemo hannun rigar ta zura. Ta ɗauki hular daga cinyarta ta ja ta har kunne. Tausayinta ya kama ni har na kau da kai, na tarar Saffana ma ta juya mana baya tana kallon tafki.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ai zahi ya kusa, Alhaji. Saura kaɗan ka zo."

Ya share fuska da gefen hannu. Bai juya ba ya ce, "Auta, ƙarhe nawa anka ce gobe?"

"Tara da rabi, Baba."

"Mu tahi tun takwas."

Hajiya ta fara cewa wani abu, wai kada ya yi don ita. Ya girgiza kai, ya nuna wuyansa da yatsa. Ba ta gane ba, ya sake nunawa. Sai ta duba ƙirjinta ta ga rigar a buɗe take. Yatsunta sun sandare, sau biyu bakin zif ɗin yana kuɓuce mata. Ya riƙe wayar da hannu biyu yana jira har ta kama shi ta ja har wuya.